Shubuha A Shari'ar Lucy Letby: Amsa Ga Mai Cewa Magana Ta Ƙare

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya fitar kwanan baya a kan shari'ar Lucy Letby, ma'aikaciyar jinyar nan ta ƙasar Ingila wadda aka ɗaure rai da rai bisa laifin kashe jarirai 7 da yunƙurin kashe waɗansu 7 a asibitin Countess of Chester. Kuma ko da yake na ga tausayi da kishin gaskiya cikin alƙalaminsa, abin da ba zan tauye masa ba, ban ga halin yin shiru ba a kan hukuncin da ya rufe maganarsa da shi, watau cewa kotu ta gama aikinta, an naɗe tabarma, duk kuwa wanda ya ƙara ɗaga murya da tambaya, to, ko dai jahili ne wanda bai san yadda ake shari'a ba, ko kuwa maras imani ne mai fama wa iyayen jariran mikin da bai warke ba. Ni ina cikin masu tambayar. Ban ce matar nan ba ta yi ba, domin wannan sani yana wurin Allah, sai kuwa ita da ta san abin da hannuwanta suka aikata. Abin da nake cewa shi ne, hujjar da aka ɗaure ta da ita ta yi ɓaraka a ainihin tushenta tun bayan yanke hukunci, ɓarakar da ta wajabta a sake zama a kanta.

Ga wanda bai bi labarin ba, asalinsa ke nan. Sashen da ake kwantar da jarirai sabbin haihuwa a wannan asibiti ya saba rasa biyu ko uku a shekara, sai ga shi cikin Yuni 2015 kaɗai uku sun cika tsakanin mako biyu, mutuwa kuma ba ta bar ɗakin ba har Yuni 2016, lokacin da biyu daga cikin waɗansu 'yan uku suka rasu, ɗaya yau ɗaya gobe. Manyan likitocin yara, musamman Dokta Stephen Brearey da Dokta Ravi Jayaram, suka lura Letby tana bakin aiki a lokutan da abin ke aukuwa, suka kai kuka ga shugabannin asibiti, waɗanda suka yi ta jan ƙafa, har daga baya suka sa likitocin rubuta mata takardar ban haƙuri. Aka janye ta zuwa aikin ofis a Yuli 2016, 'yan sanda suka shigo a Mayu 2017, shari'a ta fara a Manchester cikin Oktoba 2022 a gaban Mai Shari'a Goss, aka shafe wata goma, kana a Agusta 2023 mutanen gari da ake zaɓa su taya alƙali hukunci suka same ta da laifi a kan galibin tuhumce-tuhumcen, suka wanke ta daga 2, suka kasa haɗa baki a kan 6, ɗaya daga cikinsu kuma aka sake saurara a 2024 aka kama ta da ita. Duk wannan babu saɓani tsakanina da Malam a kansa.

Inda muka rabu shi ne, Malam ya haɗe tambaya biyu ya mai da su ɗaya. A galibin shari'ar jini ana samun gawa da saran adda ko harbin bindiga, babu mai musun cewa kisa aka yi, abin da ya rage wa alƙali ya gano makashi. Hatta ƙasama, rantsuwa hamsin ɗin nan da malamanmu na Malikiyya suka yi bayaninta a babin jini, ba ta tashi sai da lauthu, watau alama mai ƙarfi da ke rinjayar da zuciya ga cewa lalle kisa aka yi, kuma wane ne ya yi. To, a shari'ar Chester tambaya ta farko ita ce mai wuyar. Mamatan galibinsu bakwaini ne a cikin kwalba, ɗayansu giram 800 ne nauyinsa ranar da aka haife shi, irin halittar da ƙanƙanen ciwo ko ɗan jinkirin magani kan tafi da ita cikin sa'a guda. Shida daga cikin bakwai ɗin an yi binciken gawarsu a lokacin, a asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool, babu kuwa ko ɗaya da aka ce kashe shi aka yi: biyar an rubuta musu sababi na cuta, ɗaya aka ce ba a gano sababinsa ba. Babu mahaluƙin da ya ce ya ga ta ɗura wa jariri iska ko guba da idonsa. Shekaru bayan an yi musu sutura ne, daga takardun jinya da hotunan ƙirji da ciki, aka yi istinbaɗin cewa kisa ne, saboda haka dukkan shari'ar tana tsaye ne a kan ijtihadin likitoci, shi kuwa ijtihadi, komai darajar mai shi, yana karɓar kuskure kamar yadda yake karɓar daidai.

Jigon wannan ijtihadi shi ne Dokta Dewi Evans, likitan yara wanda ya daɗe da barin aikin asibiti, kuma shi da kansa ya rubuta wa hukuma a 2017 yana miƙa kansa ga binciken. Shi da waɗanda suka mara masa baya suka ce an kashe waɗansu jariran da iskar da aka tura cikin jijiyar jini, waɗansu da iskar da aka tura cikin ciki ta robar hanci, suka jingina ga wata kasida ta 1989 mai bayanin yadda launin fatar jariri kan sauya idan iska ta shiga jininsa, aka gwama wannan da shaidar likitocin Chester cewa sun ga waɗansu tabbai na ban mamaki suna bayyana suna ɓacewa a jikin jariran. Dokta Shoo Lee, babban likitan jarirai na ƙasar Kanada, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rubuta kasidar, bai san ana hujja da aikinsa ba sai bayan an yanke hukunci, da ya duba kuwa sai ya ce an fahimce shi a karkace: jariran da ya yi nazari a kansu, iska ta shiga jininsu ne ta huhu saboda matsin injin numfashi, kuma alama guda ce tak a fata ake iya dogara da ita, jajayen jijiyoyi a kan fatar da ta yi shuɗi, ba ita ce kuwa aka siffanta a Chester ba. Ya faɗi haka a gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara a Afrilu 2024, kotu ta ƙi karɓa, bisa cewa gwanayen gwamnati ba da launin fata kaɗai suka dogara ba, ba a kuma kawo uzurin rashin kiransa tun farko ba. Daga nan ya tara gwanaye 14 daga ƙasashe 6, har da Farfesa Neena Modi wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar likitocin yara ta Birtaniya, ba tare da an biya su ko kwabo ba, bisa sharaɗin za su bayyana abin da suka gano ko ya yi wa Letby daɗi ko bai yi ba. Aka ba da takardun kowane jariri ga gwanaye biyu da ba su tuntuɓi juna ba, in sun saɓa a kira na uku. Ran 4 ga Fabrairu 2025 suka bayyana a Landan cewa ba su ga kisa ko cutarwa da gangan ba a cikin jarirai 17 da shari'ar ta ƙunsa. Abin da suka gani cuta ce, da kulawar da ta gaza, kamar jinkirin magani da kuskuren gane ciwo. Malam ya ambaci wannan cikin layi ɗaya, ya wuce.

Ina sane da abin da lauyoyin iyaye suka ce: ɓangaren Letby ne ya kai wa gwanayen takardu, ba su rantse ba, ba a yi musu tambayar ƙure ba, kuma sun dubi kowane jariri shi kaɗai alhali masu taya alƙali sun dubi al'amarin a dunƙule. Maganganu ne masu nauyi, shi ya sa ban ce a buɗe kurkuku gobe da safe a kan faɗarsu ba. Amma maganin shaidar da ba a gwada ba shi ne a gwada ta, ba a ce wa masu ita sun makara ba. Nan ne kuma reshe ke juyewa da mujiya game da hujjar da Malam ya fi ji da ita, cewa su masu taya alƙali sun zauna wata goma suna sauraro, mu ba mu zauna ba. Gama abin tambaya shi ne me suka saurara cikin wata goman. Lauyan da ya kare ta a lokacin, Ben Myers, shaidu biyu kaɗai ya kira, ita kanta da wani mai gyaran famfo na asibitin, wanda ya ba da labarin ƙazamin ruwa da ke tasowa ta wuraren wanke hannu a sashen jariran. Bai kira likita ko ɗaya ba, alhali akwai gwani, Dokta Michael Hall, wanda ɓangarenta ya ɗauka, ya bi shari'ar, daga baya kuma ya fito fili ya faɗi damuwarsa da yadda ta gudana. Sakamakon haka shi ne, mutum 12 da ba likitoci ba sun ji gwanayen ɓangare guda wata bayan wata, babu gwanin da ya miƙe ya ce musu ga wata fassara. Ba laifinsu ba ne in sun gaskata, sai dai tsawon zama ba ya cike gurbin shaidar da ba ta zo ba.

Sai jadawalin nan da Malam ya ce shi kaɗai ya ishe shi, takarda mai sunayen ma'aikatan jinya 38 da aukuwa 25, an yi alama a gaban wanda yake bakin aiki a kowace, layin Letby kaɗai ya cika daga farko har ƙarshe. Ba na musun cewa duk wanda ya fara ganinta gabansa zai faɗi. Amma wa ya zaɓi 25 ɗin, kuma da wane ma'auni? Jariran da suka mutu a sashen cikin wannan shekara waɗanda ba a tuhume ta da su ba, ba su cikin takardar. Sauran lokutan da jariri ya some aka farfaɗo da shi, abin da yake ruwan dare a irin wannan ɗaki, ba su ciki. Likitoci ma ba su ciki. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ya riga ya sa wa wani ɗan dako ido, sai ya ɗauko littafinsa, duk ranar da kaya suka gaza ɗan dakon yana nan ya rubuta sata, ranar da suka gaza ba ya nan ya rubuta kuskuren lissafi, kana ya kai wa alƙali jerin ranakun satar yana cewa a duba, babu wadda ba ya nan, ga shi kuwa ɗan dakon, don neman na tuwo, ya fi kowa zuwa kasuwa. Letby tana zaune kusa da asibiti, tana karɓar ƙarin aiki, tana kuma cikin masu horon kula da jariran da ciwonsu ya fi tsanani. Dokta Evans ya ce ya ware abin da ya zarga ba tare da ya san wa ke bakin aiki ba. Ko an karɓi wannan, takardun da suka isa hannunsa sun fito ne daga asibitin da likitocinsa suka daɗe suna zargin mutum guda. Zancen cewa mutuwa ta lafa bayan an janye ta ma haka yake, domin a wannan wata na Yuli 2016 aka rage matsayin sashen, aka daina karɓar jariran da ba su kai mako 32 a ciki ba, abu biyu ke nan aka sauya lokaci guda.

Ba yau aka fara wannan tuntuɓe ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da rahoto a Satumba 2022, ana saura wata guda a fara shari'ar, tana gargaɗi a kan ainihin irin wannan lissafi, cikin misalan da ta kafa kuwa har da na Lucia de Berk, ma'aikaciyar jinya a asibitin yara na birnin Hague a ƙasar Holan. Ita ma an lura tana nan duk lokacin da abin ya faru. An gaya wa kotu cewa yiwuwar hakan ta zama dace ɗaya ce cikin miliyan 342. An karanta littafin sirrinta aka fassara kalmominta da cewa kisa take nufi. An ce an sami guba a jikin wata jaririya, aka jingina sauran tuhumce-tuhumcen da wannan. Aka ɗaure ta rai da rai a 2003, kotun sama ta tabbatar, ta shekara shida da rabi a tsare har shanyewar jiki ta same ta a can, kana a Afrilu 2010 aka wanke ta, aka ce ba a ma tabbatar an kashe kowa ba. Malam zai ce mini, to, Beverley Allitt fa, wadda ta kashe yara 4 a asibitin Grantham a 1991? Haƙiƙa an yi ta, don an yi ta ne kuma bai halatta a yi sakaci da zargi ba. Amma tunda an yi Allitt an kuma yi de Berk, wajibin mai hukunci ya bambance wacce ce a gabansa, jadawali kuwa ba ya iya bambancewa, don kamanninsa ɗaya ne a hali biyun.

Game da 'yar takardar da aka samu a gidanta, wadda ta rubuta a kai cewa ita muguwa ce, ita ta yi, ta kashe su da gangan don ba ta isa ta kula da su ba, Malam ya kira ta iƙirari, ya ce bayan iƙirari ba a neman wata bayyina. Ina mamakin mai ilmi kamarsa ya faɗi haka, alhali ya san sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya, cewa iƙirari sai ya zama bayyananne, daga mai cikakken hankali da zaɓi, yana fayyace abin da ya yi. Ya kuma san ƙissar Ma'izu, wanda ya zo da ƙafarsa yana faɗin laifinsa, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da kai, yana binciken ko hankalinsa ɗaya, ko ya sha wani abu. Takardar Letby ba ta faɗi yadda aka yi ko yaushe ba, kuma a jikin wannan takarda ɗin dai, cikin kalmomi barkatai na tsoro da firgici da ƙin kai, ta rubuta cewa ba ta yi laifin komai ba. Da wane haƙƙi za mu ɗauki rabi mu jefar da rabi? Ta ce ta rubuta ne bayan an raba ta da aikinta ana danganta ta da mutuwar jarirai, duk kuwa wanda ya taɓa zama wurin uwar da ɗanta ya rasu a hannunta, ya san ana jin ni na kashe shi daga bakin wadda ba ta kashe kowa ba. Tana yiwuwa furucin makashiya ce, tana yiwuwa kukan wadda aka karya wa zuciya ne, kuma lafazin da ke ɗaukar fuska biyu ba ya zama yaƙini.

Abu mafi nauyi a wuyanta, wanda ba zan ɓoye ba don ya saɓa wa ɓangaren da nake, shi ne maganar insulin. Jarirai biyu da kotu ta laƙaba wa haruffan F da L, waɗanda duka sun rayu, sukarin jininsu ya yi ta faɗuwa, gwaji ya nuna insulin mai yawan gaske tare da ƙarancin wani sinadari da jiki kan fitar tare da shi, abin da a ƙa'idar likitanci ke nuna cewa daga waje aka sa shi. A kan waɗannan biyu masu taya alƙali suka fara yanke hukunci, baki ɗaya babu mai saɓawa, ita kanta kuma da aka matsa ta a kotu ta yarda cewa wani ya sa, sai dai ba ita ba. Wannan ƙarina ce mai ƙarfi, ni kuwa ba na cikin masu raina ƙarina, tunda rigar Annabi Yusufu da aka yage ta baya ita ta raba gardama a gidan Aziz. Amma sharaɗin ƙarina ta zama tabbatacciya a karan kanta. Ɗakin gwajin da ya yi aikin a Liverpool, takardar bayaninsa da kanta tana cewa irin wannan gwaji bai dace da tabbatar da insulin na waje ba, in ana zargin haka a aika jinin zuwa wani ɗaki na musamman; ba a aika ba, domin a lokacin ba a ɗauki sakamakon a matsayin guba ba, sai bayan shekaru aka tono shi daga fayil, jinin kuwa babu shi balle a sake. Jariri F bai daina faɗuwar sukari ba bayan an sauya masa ledar ruwa a lokacin da Letby ta tashi daga aiki, har ya zama dole masu ƙara su ce ta riga ta sa wa wata ledar da ke ajiye. Yardar da ta yi kuwa, yardar ma'aikaciyar jinya ce da aka gaya wa cewa ilmi ya riga ya yanke. Yau akwai masana da ke cewa jinin bakwaini yana iya ba da irin wannan sakamako ba tare da guba ba, akwai masu cewa faufau, raba su kuwa ba aikin marubuci ba ne, ni ko Malam, aikin kotu ne in ta saurari duka biyun. Muhimmancin abin shi ne, alƙali ya halatta wa masu taya shi, in sun tabbata ta cuci jariri ɗaya da gangan, su yi la'akari da haka wajen auna sauran, don haka in hujjar insulin ta yi rauni, ba ita kaɗai za ta yi ba.

Malam ya kuma kafa hujja da cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi ba ta izini har sau biyu, a Mayu da Oktoba 2024. Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan kotu ba ta sake shari'a daga tushe. Tana duba ko an kauce wa doka, tana kuma ƙyamar sabuwar shaidar da da an so da an kawo ta tun farko. Sally Clark lauya ce, an ɗaure ta a 1999 bisa kashe jariranta biyu, bayan Farfesa Roy Meadow ya gaya wa kotu cewa yiwuwar mutuwar biyu haka kawai a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Ta ɗaukaka ƙara a 2000 aka kore ta. Sai a Janairu 2003 aka sake ta, da ya bayyana cewa akwai sakamakon gwaji mai nuna ƙwayar cuta a jikin ɗanta na biyu wanda ba a nuna wa kotu ba, ta fito ba ta ƙara zama daidai ba, ta rasu a 2007. Da wani ya rubuta a 2001 cewa maganarta ta ƙare don kotu biyu sun yi hukunci, da ya faɗi daidai abin da Malam ke faɗi yau. Don irin wannan ne Ingila ta kafa hukumar sake duba shari'o'in laifi a 1997, wadda aka miƙa wa takardun Letby a Fabrairu 2025, mai neman a bi ta nan kuwa bai raina kotu ba. Mu da muka gaji wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya hore shi kada hukuncin jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa, bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba.

Akwai magana guda a maƙalar da ta taɓa ni, cewa da Letby baƙar fata ce ko mai lulluɓi, da ba a ga gwanaye 14 da ɗan majalisa kamar David Davis sun tsaya mata ba. Mai yiwuwa ne. Amma in haka ne, aibin yana ga rashin tsaya wa baƙar, ba ga tsaya wa farar ba, kuma waɗanda za su fi cutuwa in aka karɓi irin wannan hujja babu tsanantawa, 'ya'yanmu ne. Dubban ma'aikatan jinya 'yan Nijeriya da Gana suna asibitocin Birtaniya yau, da yawansu masu aikin dare ne da karɓar ƙarin aiki don aika wa gida, watau su ne layinsu zai fi cika a duk jadawalin da aka zana. Ba mu manta da Dokta Hadiza Bawa-Garba ba, 'yar asalin Nijeriya, wadda yaro ɗan shekara 6 ya rasu a ƙarƙashin kulawarta a Leicester a 2011, ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana riƙe da aikin mutum fiye da ɗaya, ga kwamfutar sakamakon gwaji ta lalace. Aka same ta da laifin kisa ta sakaci a 2015, aka soke sunanta daga rajistar likitoci a 2018, sai da abokan aikinta suka tashi suka tara kuɗi kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar mata da shi a wannan shekara. Shari'arta ba irin ta Letby ba ce. Abin da nake tsoron ya haɗa su shi ne sauƙin ɗora gazawar gida duka a kan mutum ɗaya.

Saura iyaye, waɗanda su ne asalin masu haƙƙi, Allah ya ba su haƙuri. Mai Shari'a Thirlwall, da take buɗe zaman binciken da gwamnati ta ɗora mata a Liverpool cikin Satumba 2024, ta ce surutun masu shakka ya ƙara musu baƙin ciki, na kuwa yarda ya ƙara, kuma masu yi musu rashin ladabi a intanet ba na tare da su. Sai dai binciken nata an gina shi ne a kan cewa laifin ya tabbata, tambayarsa ita ce yaya aka bar ta ta daɗe, ba mene ne ya kashe jariran ba. To, a ɗauki jaririya D, wadda faya ta fashe wa uwarta da daɗewa kafin haihuwa ba a ba ta maganin ƙwayoyin cuta ba, ita ma jaririyar aka yi jinkirin ba ta, binciken gawa kuma ya ce ciwon huhu ne. In iska aka tura mata, uwarta ta sami amsarta, mai laifi tana kurkuku. In kuwa ciwon huhun ne da jinkirin magani, to, an ba wannan uwa amsar da ba ita ba ce, an bar ainihin abin da ya ci 'yarta yana jiran 'yar wata, gyaran da za a yi kuma zai tafi ga sa kyamara da kulle firjin insulin, alhali abin da ya gaza shi ne likita a bakin gado da magani a kan lokaci. Ban ga ta inda jin ƙan iyaye zai hana a tambayi wanne ne daga cikin biyun ba. Abin da nake nema bai wuce wannan ba: hukumar sake duba shari'a ta mayar da maganar gaban alƙalai, a kira Dokta Lee da mutanensa, a kira Dokta Evans da nasa, kowa ya rantse, lauyoyi su yi musu tambaya jariri bayan jariri, a kawo masana ƙididdiga su faɗi abin da jadawalin ke iya nunawa, a kawo masana gwajin jini a kan F da L. In bayan haka hukuncin ya tsaya, zan karɓe shi, in kuma faɗi haka a rubuce a wannan fili da Malam ya yi magana.